Alkakin da na kai wa Goggo Jidda

Kiran asuba a mota ya same mu, kan hanyar filin jirgin Kano, ni da abokiyar tafiyata da bokitin alkaki da na rungume kamar jinjiri. Umra za mu, amma Goggo, yayar babana da ta tsufa a Jidda, za ta aurar da jikarta, ta ce ko tsinke ba ta so sai alkaki.

Zafin Jidda mai gumi ne, kana fitowa wanka kana neman wani. Da muka kammala umra, tasi ta bi da mu manyan gadoji ta zube mu a lungunan unguwar Nuzla, inda ake cinikin tsire rabi da Hausa rabi da Larabci.

Can na tarar da rigima. Goggo na so a ajiye alkakin gaban dangin ango, Larabawan unguwar Ammariyya, don shi aka yi mata a garar aurenta, kuma hannunta ya daina iya murza shi. Amarya kuwa ta kafe, ta dubi kakarta, Sitti kamar yadda take kiranta da Larabci.

“La, a'a, ya Sitti, halas, magana ta ƙare, bar shi a kicin. Dariya za su yi.”

Ban ga laifinta ba, tun tana makaranta ake mata gorin asali. Sai dai Goggo ta fi ba ni tausayi.

Ranar walima tsohuwar nan ta ɗauko farantin alkakin da kanta, ta dire shi tsakiyar kayan zaƙinsu. Uwar ango ta gutsura, ta tambayi sunansa. Da aka faɗa mata sai ta dafa ƙirji, ta ce ai ka'ak ne, haka kakarta ke kiran kayan zaƙin alkama. Abokiyar tafiyata, malamar makaranta ce da ba a raba ta da bayani, ta ce fatake ne suka kawo mana sunan ya koma alkaki, kamar yadda fanke ya faɗo daga bakin Turawa. Uwar ango ta nemi a ƙulle mata, amarya da kanta ta tafi kicin ɗauko bokitin.

Mun dawo Kano lafiya. Tafiyar ta koya min cewa sunan alkaki ma baƙo ne da ya zauna, kamar Goggo. Da za mu rabu a Jidda, Goggo ta miƙo min bokitin a wanke, ta ce, “Riƙe shi, 'yar nan. Akwai bikin ƙanwar amarya, ko ina nan ko ba na nan.”