Ƙwaryar Kulu a Ɗakin Binciken Fasaha

Kulu ta Gangara ta shekara arba'in tana zanen ƙwarya da wuƙa mai zafi. Matan Fulani daga nesa suke gane hannunta, ko a kan wa suka ga ƙwaryar.

Wata shekara sai ga Mushe Attahir, wato Malam Attahir da Faransanci, mai kula da ɗakin karatun wata jami'a inda ake binciken fasahar hannu. Ya zauna kwana biyu, ya sha furarta har ya yi gyatsa, ya ɗauki hotuna, ya tafi da ƙorai uku. Ya ce duniya za ta san ta.

Da idonta ya fara rauni, Kulu ta hau mota ta je ta ga yadda duniyar ta san ta. Ɗaki fes, littattafai har sama, ba mai karatu ko ɗaya sai sanyi. Ga ƙwaryarta a akwatin gilashi, da 'yar takarda a gindinta.

"Mushe, me aka rubuta nan?"

Attahir ya gyara tabarau. "An ce, ba a san wanda ya yi ba."

"To ga ni. Rubuta Kulu."

"Inna, ilimi ba haka yake ba. Sai an kawo hujja daga littafi."

"Wane littafi?"

Littafi ɗaya ne a duniya ya yi maganar ƙwaryar, kuma shi ya rubuta shi, inda ya ce "wata mata a karkara".

"Buɗe in nuna maka tsaga uku da nake yi a gindi."

"Ba a taɓawa, Inna. Sai masana."

"Masana! Kai da ka tambaye ni ko a tukunya ake dafa ƙwarya ta yi tauri?"

Ya ce za a kafa kwamiti. Bawan Allah, har ruwa ya ba ta, a kofin roba.

Da ta koma gida, ta sa maƙwabcinta Hamidu tela ya rubuta mata sunanta a takarda. Ta koyi haruffan nan huɗu kamar sabon zane. Yanzu kowace ƙwarya tana fita da KULU ɓaro-ɓaro a tsakiyar ado.

Masana sun daina saye. Sun ce ta ɓata al'ada. Matan Fulani kuwa, ranar kasuwa, layi suke yi.