Awa ɗayar da Yaya Sa'a ba ta samu ba

Bana shekara tara da rasuwar yayata Sa'adatu, kuma har yau in na wuce gidan ruwan leda a Sabon Gari na ji injin yana bugawa, sai in tuna da ita.

A irin wannan gida take aiki a nan Wudil, tana zuba ruwan leda cikin jaka tun safe har bayan la'asar. Ba a kashe inji don wata za ta ci abinci. Salla ma bi da bi ake yi, a gurguje. Mai jin yunwa ta ajiye kwanonta a gefe, tana aiki tana kai loma. Yaya ba ta iyawa, domin mai kula da su, Habibu, mijin 'yarta ne. Wace uwa ce za ta zauna tana tauna a gaban surukinta? Shi ma nauyinta yake ji, ba zai ɗago ido ya ce mata ta ci ba. Ga ta da ciwon suga, ta sha magani da safe, ta wuni da ruwa.

Na yi mata faɗa har na gaji. Ta ce, “Ke Ladi, bakinki ya yi yawa. Yaron nan shi ya samo min aikin, in zubar masa da girma?”

Wata rana ta zame daga kan benci. Ba ta farfaɗo ba.

Ni sai da na aurar da 'ya'yana na shiga ajin yaƙi da jahilci. Bara maƙwabciyata, malama a jami'a, ta nuna min dokar ƙwadago, tana fassarawa ina bi da yatsa. Duk wanda zai yi aikin awa shida, sai an ba shi hutun da bai gaza awa ɗaya ba. Ta ce a Ingila minti ashirin ne kawai. Wato tamu ta fi tasu, kuma tun muna yara take a rubuce. Da Yaya tana raye na gaya mata, dariya za ta yi, ta tambaye ni ko dokar ta taɓa tsallako gadar Wudil. Ba ta tsallako ba, Yaya. 'Yan mata na nan a shaguna da gidajen mai suna haɗiye biredi a tsaye.

Kwananta ne ya ƙare, na sani. Amma yunwar nan, mutane ne suka sa mata, kuma ban daina faɗa ba.

Yaya ba ta bar wa kowa gadon gida ko gona ba. Habibu dai ya buɗe nasa ƙaramin gidan ruwa a hanyar Darki. Na je ba sanarwa, da maganata a baki. Ana kiran azahar ya kashe injin da hannunsa, ya fita bayan katanga ya tsaya a rana. Matan da ke masa aiki suka ce kullum haka yake, ba ya dawowa sai sun ci abinci sun wanke hannu. Na tambaye su, shi a ina yake ci. Suka ce ba wadda ta taɓa gani.