Kabari a Gonar Afiniki

Duk wanda ya taɓa sujada a majami'ar da ke gindin dutse a Kagoro ya san Azariya. In bai san fuskarsa ba, ya san kukansa. Manomin citta ne, gajere mai faɗin kafaɗa, Allah ya ba shi hawaye kamar famfon da ya lalace. A taron falkaswa, wato wa'azin farkar da masu bi, kafin mai wa'azi ya rufe baki da kiran masu tuba, Azariya ya riga ya durƙusa a gaba. Sau huɗu yana tuba daga burukutu. Masu dafa ta ba su taɓa ba wani ƙwaryarsa ba, sun san ran Laraba zai dawo. Bencin baya kuwa, inda ake zaunar da waɗanda ikilisiya ta sa a horo, har ya lotsa daidai mazaunansa.

Abu ɗaya ne bai taɓa fitowa daga bakinsa ba. Ƙanensa Andrawus ya rasu ya bar mata, Afiniki, da yara uku da gona mai iyaka da tasa. Shingen bini-da-zugu ne tsakaninsu, itacen da ko ina ka soka shi sai ya kama. Kowace damina Azariya yakan matsar da shingen kunya biyu zuwa cikin gonarta. Da ta kai ƙara wurin dattawan ikilisiya, ya yi kukan da sai da suka koma ba shi haƙuri.

Sai matarsa Jacinta ta rasu. A nan, ƙasar da ka binne naka ta zama taka, magana ta ƙare. Azariya ya sa aka haƙa kabarin a tsakiyar kunyoyin da ya ci, ya shafe da siminti, ya kafa gicciye. Mutane suka ce kai, ga mai son matarsa.

Abin da ya rage wa Afiniki bai isa ci ba. Yaran suka watse, ɗaya acaɓa a Kafanchan, biyu suka bi hanyar Abuja, ko Kirsimati ba sa zuwa.

Bara ya kai citta Kachia, ya hango wata tsohuwa a cikin 'yan ƙodago, tana tsaga cittar wani da yatsu duk sun tsattsage. Afiniki ce. Ya nemi hawayen nan nasa, ko ɗigo babu. Abin da fastoci suka yi shekara talatin suna faɗa, cewa tuba sai an mayar da abin da aka ɗauka, ranar ya shiga kunnensa.

Kwana shida ya yi shi kaɗai yana tumɓuke shingen, ya mayar da shi inda mahaifinsu ya kafa. Sannan ya kira ta.

"Matarmu, ga gonarki na mayar."

Ta dubi shingen, ta dubi gicciyen da yanzu ke tsaye cikin gonarta.

"Baban Boaz, citta zan shuka a kan Jacinta?"

"Ki noma gefe."

"Da wane baya? Ko kai za ka je Abuja ka kawo mini yarana?" Ta gyara ɗankwali. "Na yafe maka, tunda an ce mu yafe. Yau ba kuka ne? Ko ruwan ya ƙare?"

Ya yi tunanin tone kabarin, ya san ɗansa Boaz zai fara binne shi kafin ya yarda.

Bana ba wanda ya sa fartanya a kunyoyin. Ciyawa ta kai gwiwa. Azariya ya daina burukutu, ba wanda ya lura. Ran Lahadi yana zama a bencin baya ba tare da dattawa sun aike shi ba, in an kira masu tuba, ba ya tashi. Matan zumunta suna cewa zuciyar tsohon ta taurare.