Ranar da Aka Harba Kumbo Muna Bakin Titi

Ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Bukan Sidi da ke garin Lafiya lokacin da na ji za a harba kumbo da 'yan sama jannati huɗu zuwa tashar da ke kewaya duniya, kuma za a nuna kai tsaye da rana. Sati biyu ina shirya ɗalibaina. Na zana musu tashar a allo, na faɗa musu mutanen cikinta kan ga fitowar rana sau goma sha shida kafin mu ga ɗaya. Wata yarinya 'yar Tibi, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin, ta ce, "Malama, to ina ƙasa, ina sama a wurinsu?" Na ce ta bari ta gani da idonta.

Na aro majigi wurin wani abokin mijina a Shabu, na riƙo shi a cinya a kan okada. Shugaban makaranta ya yarda a tayar mana da janareta.

Da safiyar ranar ya kira ni ofis. Wani babban mutum zai shigo Lafiya, an ce kowace makaranta ta fito da yara tarba. Janaretan ma an ɗauke shi zuwa wurin taro.

"Ranka ya daɗe, awa ɗaya kawai nake roƙo."

"Malama, waɗannan na sama su za su yi mana rufin aji?"

Muka jera a bakin kwalta tun ƙarfe goma, kowane yaro da 'yar tuta. Yara biyu suka faɗi saboda rana. Da lokacin harba kumbon ya yi na juya baya na buɗe waya, amma hasken rana ya hana ni ganin komai sai wani farin hayaƙi. Ina ƙoƙarin kare fuskar wayar da mayafi aka saki jiniya. Motoci suka wuce a guje, gilasai baƙaƙe a rufe. Ko hannu ba a ɗaga mana ba.

Washegari na mayar da majigin. Yarinyar ba ta ƙara yi mini tambaya a aji ba, ni kuma ban ƙara yi wa ɗalibi alkawari ba. Na ci gaba da rubuta darasi a allo suna kwafa, har na bar aikin bayan shekara biyu.