Badaru Mai Kananzir da Tseren Gwaram

Duk wanda ya ci kasuwannin da ke tsakanin Birnin Kudu da Gwaram bayan an gama yaƙin basasa ya san Badaru mai kananzir. In bai riƙe sunan ba, to ya riƙe ƙarar keken. Garwa huɗu yake ɗaurawa, biyu a kan kariyar bayan keken, biyu a rataye gefe da gefe. Mutumin Sundimina ne, siriri mai dogayen ƙwauri, gonarsa kuwa ba ta kai shi wata damina, don haka keken nan shi ne rumbunsa na biyu. Baki huɗu ke ci a kansa: shi, da matarsa Talatu, da 'ya'yansu biyu.

To, keken ya tsufa. Ƙarfen tsakiya ya sha walda sau uku, tayar baya duk faci ce. Ɗanbala mai gyaran keke a bakin tasha bai ɓoye masa ba.

"Badaru, in wannan ya sake karyewa kada ka kawo mini. Kai wa maƙera su fitar maka da fartanya biyu, ka ba ni ɗaya."

Badaru ya yi dariya, amma ya san gaskiya aka faɗa masa. Ranar da keken ya kwanta, sana'a ta kwanta.

A shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama, wani jami'in wasanni da aka turo daga Kano ya sa aka yi shelar tsere don bikin ranar 'yancin kai. Tseren kashi uku ne. Za a yi gudu daga filin makaranta zuwa bakin kogi, a haye da iyo, a tarar da kekuna a tsallake, a hau har Gwaram, mil talatin da ɗoriya. Na ɗaya zai tafi gida da sabon keke baƙi wuluk, ko takardar jikinsa ba a ɓare ba.

Gudu bai dame shi ba, iyo kuwa a rafi ya tashi. Keken ne aikin. Sai ya samo tsofaffin garewani ya cika su da yashi, wanda ya fi kananzir nauyi, duk ranar da ba kasuwa ya ɗaura ya kama hanyar Gwaram bayan sallar asuba. Ya koyi hawa tudu ba tare da ya tashi daga sirdi ba. Ya koyi kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan maimakon ya cika ciki. Cinyoyinsa suka yi tsami har Talatu na gasa masa su da ruwan zafi tana mita.

"Mutane na gudun wahala, kai kana sayo ta da yashi."

Matsalar ba ta fito ba sai ranar da suka yi gwaji da Iliyasu, malamin gona, baƙo da aka kawo aiki daga wajen Haɗejiya. Shi ne kowa ke ba nasara, ga keke lafiyayye, ga ƙuruciya. Da suka tashi Badaru ya ba shi rata mai kyau, duk da yashin. Sai ga ƙauyen farko, dagaci na zaune a ƙofar gida. Badaru ya ja birki, ya sauka, ya tura keken da hannu, ya russuna ya yi gaisuwa. Ba a wuce babba a kan keke. Haka ya taso ya gani, haka yake yi kullum ba tare da ya lura ba. Iliyasu ya zo ya wuce fuu, yana kaɗa ƙararrawa.

Haka aka yi ta yi. Ya kamo shi, ya sauka, a wuce shi. Da ya isa Gwaram, Iliyasu har ya shanye kwanon fura.

"Sannu da gaishe-gaishe, Sarkin Ladabi! Yaya ka baro su liman? Ni duk hanyar nan ba wanda ya san ubana. Ranar tsere ka gaishe mini da kowa."

A hanyar dawowa Badaru ya ƙirga wuraren saukarsa. Goma sha ɗaya. Dagatai uku, limamai biyu, abokan marigayi mahaifinsa huɗu, wata gwaggonsa mai sayar da daddawa, sai na ƙarshe.

Goman nan bai sha wuyarsu ba. Ya sayi goro ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa ya ce ranar kaza zai wuce a guje, a yafe masa. Wasu suka yi dariya, wani liman ya tofa masa addu'a, gwaggo ta ce in ya ci ya fara ɗora ta a baya.

Na goma sha ɗayan shi ne Malam Haladu na Sara, mahaifin Talatu. Dattijo ne mai shanu da gona, daga hantsi zuwa azahar yana ƙarƙashin wata tsamiya da ke gab da titi. Talatu 'yar fari ce, ko sunanta ba ya faɗa. Tun da aka yi auren, Badaru bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. Tun daga nesa yake sauka, ya tuɓe takalmi, ya tsugunna. Gaisuwar Malam kuwa ba ta gaggawa ba ce: sai ya tambayi yara, da gero, da ruwan sama, da mutanen Sundimina gida-gida. Da wane baki zai je ya ce wa wannan mutum zai yi tsere, kamar yaron da aka aika sayen ƙuli-ƙuli, kuma a bar shi ya wuce a zaune?

Ya fara gwada saukar sauri a bayan gida. Ya diro, ya tsugunna, ya ce "Baba ina kwana," ya zabura ya haye. Talatu na tsaye da muciya a hannu tana kallo.

"Takalmin fa?"

"Zan zo ba takalmi."

"In ya ce yaya gero?"

"In ce alhamdu lillahi."

"In ya ce a kawo maka ruwa?"

Badaru ya zauna a kan turmi ya riƙe kai.

Ƙarshe ya yanke shawarar aika saƙo ta hanyar da ake aikawa: shi ya gaya wa Talatu, Talatu ta gaya wa mahaifiyarta Inna Dada, ita kuma ta san yadda za ta shigar. Abin da yake so shi ne Malam ya leƙa wajen shanu a safiyar nan. Amma ko ga Talatu ya kasa faɗa kai tsaye. Cewa ya yi, ranar hanya za ta cika da hayaniya, ba wurin zaman babban mutum ba ne. Talatu ta je, kunya ta kama ta, ta ce wa Inna ranar za a yi taro a hanya, uban yaran ma yana ciki. Inna Dada ta ce wa Malam mijin yarinyar nan zai wuce ta nan, an ce ma shi ne a gaba.

Talatu ta dawo ana gobe tsere, ta ajiye ƙwarya ba ta ko zauna ba.

"Baba ya sa an share ƙarƙashin tsamiya. Ya aika wa abokansa. An aro tabarmi uku."

"Inna lillahi! Me kika ce musu?"

"Abin da ka ce."

"Ni na ce a tara mini dattawan Sara?"

"To kai me ya hana ka faɗa da bakinka?"

Tuwon ranar bai shiga ba. In ya sauka, sabon keke ya tafi, tsohon keken kuwa yau ko gobe. In ya wuce, ya wuce surukinsa a gaban abokansa, abin da za a yi ta faɗa har jikoki.

Mutum ashirin da uku suka tashi daga filin makaranta. Badaru ya isa kogi na biyar, ya fito daga ruwa na biyu. Ɗanbala na riƙe masa da keke a tsallake, ya cire kariya da duk wani abu mai nauyi.

"Taka a hankali a kan gargada! Waldar nan ba ta son wasa!"

Ba garwa, ba yashi, keken ya zama kamar kara a ƙarƙashinsa. Kafin ƙauye na biyu ya wuce Iliyasu. Dagaci ya ɗaga masa hannu, gwaggo ta rangaɗa guɗa. Shi dai ba ya jin komai sai ƙarfen tsakiya na ƙas-ƙas, da Sara da ke matsowa. Har ya hango tsamiyar bai san abin da zai yi ba.

Ga su nan, fararen riguna takwas a jere, Malam Haladu a tsakiya. Hannun Badaru ya ja birki da kansa. Ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa.

Sai Malam ya miƙe. Bai dubi titi ba. Ya gyara babbar riga, ya fuskanci gabas, ya ɗaga hannu ya yi kabbarar sallar walaha. Abokan suka dubi juna, suka miƙe su ma, ɗaya har yana tuntuɓe da sandarsa, kowa ya tayar da tasa. Duk takwas suka ba Badaru baya.

Ya tsaya ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan feda, baki buɗe. Ba a gaida mai salla. Ƙararrawar Iliyasu ta wuce ta gefen kunnensa, sannan ya farga ya taka.

Sauran hanyar da ƙulli a zuci ya yi ta. Izini aka ba shi, ko kuwa juya baya aka yi don kada a ga abin kunya? Yana takawa yana juya maganar, rigar Iliyasu na nesa tana ƙara girma. Dab da Gwaram akwai inda ruwan damina ya kwanto da yashi a kan titi. Tayar Iliyasu ta nutse, ya fara tangaɗi, ya miƙe tsaye a kan feda. Badaru ya zauna daram yadda ya saba da kaya, ya ratsa. Da tsawon keke biyu ya riga shi.

Aka tafa, aka miƙa masa sabon keke, Iliyasu ya ba shi hannu yana haki yana cewa, "Yau ba ka gaida kowa ba ke nan?" Badaru ya yi yaƙe kawai. Ya kai keken gida ya jingine a ɗaki, ya kasa ɓare takardar, ya kasa bin hanyar Sara. Kasuwar Gwaram ta ci ba shi.

Talatu ce ta gaji, ta goya ƙaramin ta tafi Sara. Da ta dawo, Badaru na bakin ƙofa tun kafin ta yi sallama.

"Yaya? Ya yi fushi?"

"Bari in sha ruwa mana."

"Talatu, don Allah."

Ta sauke yaron, ta zauna, ta gyara ɗankwali a natse.

"Inna ta ce, Baba ya ce a tambayi mai kananzir abin da ya tsaya yi. Wai gajeriyar sura ya yi niyya, da ya ji ba a wuce ba dole ya kamo doguwa, ga gwiwarsa na ciwo. Ya ce kuma fitilarsu ta bushe tun shekaranjiya, ko an daina sana'ar ne?"

Badaru ya shiga ɗaki ya fara ɓare takardar keken.