Rahoton da Ya Ƙi Tafiya Sakkwato

Na yi shekara uku ina aikin shigar da bayanai a wani ƙaramin asibiti da ke gefen garin Isa. Ni ba malamin lafiya ba ne, ko allura ban iya ba. Aikina kwamfuta. Mata su zo da yaransu masu tamowa, a auna dantsen yaro da wani ɗan tef mai launi uku, a ɗora shi a sikeli, a rubuta a kati, ni kuma in kwashe abin da ke katin in zuba a manhaja. Duk ranar Alhamis in tura rahoto Sakkwato. Da rahoton nan ne masu sito ke sanin katan nawa na abincin tamowa za su loda mana, wato dakakkiyar gyaɗar nan mai madara da ke zuwa a 'yan ledoji. In rahoto bai shiga ba, a wurinsu ba mu da yara ke nan, sai mota ta tashi ba da kayanmu ba.

Shugaban wurin wani dattijo ne ɗan asalin Sabon Birni. Mutanen gari na ce masa Likita, mu ma'aikata muna ce masa Baba. Mutum ne mai faɗa. In ya gano uwa ta raba ledar yaro mara lafiya da yayyensa, sai ya yi ta yi mata faɗa har ta sunkuyar da kai, sannan in za ta tafi ya ƙara mata leda biyu a ɓoye, ya zo ya ce mini in san yadda zan rubuta su.

A daminar da nake magana, mutanen ƙauyukan wajen Tozai da na Gatawa sun yi ta kwararowa gari saboda 'yan bindiga. Sun bar gero a tsaye. Suka cika ajujuwan makarantar firamare, layin matan da ke ƙofarmu kuma ya kai har gindin darbejiyar bakin hanya. A cikin wannan hali tsawa ta ƙona mana inbatar sola, na'urar da ke raba mana wuta. Firijin rigakafi yana da nasa fanel, ya tsira, amma soket ɗin ofis duk suka mutu. Sai na koma kai kwamfutar shagon wani mai cajin waya a kasuwa. In ajiye ta da safe, in ɗauko ta cike da hantsi, in dawo ofis in yi aiki da batir.

Alhamis ta farko na kunna intanet ɗin wayata, na haɗa da kwamfutar kamar kullum, na danna turawa. Zanen da ke nuna tafiyar rahoto ya fara cika. Bai kai rabi ba ya tsaya. Na duba ƙasan allo, alamar sadarwa ta ɓace gaba ɗaya, kamar ba a taɓa sa wa kwamfutar abin kama intanet ba. Sai da na kashe ta na sake kunnawa sannan alamar ta dawo. Minti biyu ko uku, ta sake ɓacewa. Rahoton kuwa yana bukatar kamar minti goma ba yankewa, in ya yanke sai a faro daga farko.

Ban yi mamaki ba. Mu da muka ga lokacin da aka rufe layukan waya a yankin nan har mutane na zuwa bakin iyaka neman sabis ɗin Nijar, duk abin da ya yanke sunansa sabis. Na sauya layi. Na ari layin wani ɗan kasuwa mai zuwa Maraɗi. Na hau kan tankin ruwa na ɗaure wayar a jikin ƙarfe, na zauna a ƙasa da kwamfuta a cinya. Abin da har yau yake cina shi ne, duk lokacin nan wayar tana karɓar saƙo lafiya lau. Na gani da idona, ban tsaya na tambayi kaina dalili ba.

Na ɗauki hoton takardun na aika wa jami'in da ke kula da mu a Sakkwato. Ya kira ni ya ce shi ya gani, ya kuma yarda, amma sito ba ya fitar da kaya da hoto. Ko dai rahoton ya shiga manhaja, ko a kawo takardun asali da sa hannun shugaba da hatimi. Mako na farko mota ba ta zo ba. Muka rage wa kowane yaro rabonsa. Mako na biyu ma rahoton ya ƙi. Ranar Asabar Baba ya buɗe sito, katan huɗu suka rage.

Ya same ni a ofis ina ta kashe kwamfuta ina kunnawa. Ya ce, "Ɗana, bar wahal da kanka. Tattara min takardun, gobe za ni Sakkwato."

Na ce, "Baba, ni za ni. Aikina ne ya ƙi."

Ya ce, "In sun ce a gyara wani wuri a sake sa hannu, hannunka za su karɓa? Ka zauna ka kula da layin ga. Jibi ina nan in Allah ya so."

Ban ƙara musu ba, kuma ba zan ɓoye ba, na ji sauƙi a raina. Kowa ya san halin hanyar. Na sa takardun a leda biyu saboda ruwa, na raka shi tasha da safe. Ya samu wuri a bayan direba. Ta taga ya tuna mini da wata yarinya mai kumburin ƙafa, ya ce kada a sallame ta ko da uwar ta matsa.

Bayan azahar labari ya iso kasuwa cewa an tare motoci biyu a hanya. Kafin la'asar direban ya dawo a bayan babur, ba takalmi, ya lissafa waɗanda aka shiga daji da su. Ya ce Likita na ciki. Ya ce da aka sa su gudu, dattijon na riƙe da leda a hammata, wani ya fizge ya duba, ya ga takardu ne, ya watsar a kwata.

Asibiti bai rufe ba. Matan sun ci gaba da zuwa, mu kuma muka ci gaba da aunawa da rubutawa, har ranar da katan na ƙarshe ya ƙare. Daga nan sai dai mu koya musu dama kunun gero da ƙuli-ƙuli, su da ba su da geron. Wasu sun daina zuwa. Yarinyar nan mai kumburin ƙafa ta rasu ranar Juma'a da hantsi. Uwar ta goya ta kamar mai barci, ta ce mana sannunku da ƙoƙari, ta fita.

Kwana tara da ɗauke Baba, na je ɗauko kwamfuta a shagon caji sai ruwa ya kece. Na maƙale a ciki tare da masu jiran wayoyinsu. Don kada in zauna haka nan, na buɗe ta tana jone da wuta, na haɗa da wayata, na danna turawa ba tare da na sa rai ba. Zanen ya wuce rabi. Ya ci gaba. Ya cika, aka rubuto cewa an karɓa. Na tura na mako na biyu, shi ma ya tafi. Sai na zare wayar cajin na gwada buɗe wani shafi. Ba a yi minti uku ba alamar ta ɓace. Na mayar da caji, na sake kunnawa, ta zauna daram.

Na zura wa allon ido. Mai shagon ya ce, "Malam, lahiya?" Na ce masa lafiya, na jawo wayata.

Daga nan na kira wata mata mai gyaran kwamfutocin ofishinmu na Sakkwato, wadda lambarta ke wayata tun ranar da aka ba ni aiki. Ban gama bayani ba ta gane. Ta ce a cikin kwamfutar akwai ɗan kati da ke kama intanet, kuma an saita ta yadda in tana kan batir za ta riƙa kashe katin don adana wuta. A ƙa'ida da an bukace shi sai ya farka. To manhajar da ke sarrafa katin, wadda suke kira direba, tsohuwa ce a irin kwamfutocin da aka raba mana, in katin ya kwanta ba ta iya tada shi. Ta bi da ni ta waya: shiga nan, danna sunan katin, buɗe shafin wuta. Akwai wani ɗan akwati da aka yi wa alama, an rubuta a gefensa cewa an yarda kwamfuta ta kashe wannan na'ura don tanadin wuta. Ta ce in cire alamar, in kuma sauke sabon direba tun ina kusa da caji. Na yi. Na zare wayar cajin, muka jira tare, ita a can ni a nan, minti goma sha biyar. Bai yanke ba.

Ta ce, "Ai da ka kira ni tun farko." Ba da faɗa ta faɗa ba. Ba ta san abin da ya faru ba, ni kuma ban gaya mata ba.

Mota ta zo a makon da ya biyo, da rakiyar jami'an tsaro. Baba kuwa sai da ya yi kwana arba'in da wani abu. Abin da iyalinsa suka rabu da shi kafin a sako shi, ba ni ne zan faɗa ba. Ya dawo ƙafarsa ta hagu ta ruɓe daga inda sarƙa ta ci, aka wuce da shi gidan ƙanensa a Sabon Birni.

Na yi mako biyu ina shirin zuwa ina fasawa. Da na je, na same shi a zaure kan tabarma, ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Bayan gaisuwa, abin da ya fara tambaya shi ne ko kaya sun zo. Na ce sun zo. Ya tambayi yarinyar, na gaya masa. Ya yi salati.

Na ce, "Baba, akwai abin da ya kamata ku sani." Na kwashe duka na faɗa masa, har da cewa wayata na aiki a lokacin ban lura ba, har da lambar mai gyara da ke hannuna ban kira ba.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Wato ba sabis ba ne."

Na ce, "Ba shi ba ne."

"Da ka zauna shagon caji ka tura, da ya tahi?"

"Da ya tafi, Baba."

Ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Na so ya yi mini irin faɗan da ya saba, bai yi ba. Bai kuma ce mini "ba komai" ba. Can ya ce, "Sauran asibitocin da aka ba irin wagga kwamfuta, sun sani?" Na ce ban tambaya ba. Ya ce, "To tashi ka tambaya." Ya juya fuskarsa bango, ƙanensa ya yi mini alama da hannu in fito.

Na kira duk masu irin aikina da na sani a ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni. Mutum uku suna fama da abin, ɗaya har ya riga ya yi tafiyar Sakkwato sau biyu da takardu. Na bi da su ta waya kamar yadda aka bi da ni.

Baba bai koma aiki ba. An yanke ƙafar a Sakkwato, ya ƙara wata biyar, ya rasu ana tsakiyar zafi. A makon hanyar Sabon Birni ba ta biyuwa, ban samu jana'iza ba. Ta waya na yi wa matarsa da ƙanensa ta'aziyya, sannan na koma na buɗe ofis, don ranar ta auna yara ce kuma mata sun riga sun yi layi.