Titunan da na ba lamba

Shekarar da nake koyar da angile, wato Ingilishi, a wani lise, babbar sakandare ta Magariya, wata malamar jami'a a Amurka ta aiko mana da aikinta ta waya. Taswirar wani babban birninsu ce. Ka taɓa titi da yatsa, sai shafin tsohon littafin da ya yi zancen titin ya buɗe. Littattafan nan na karanta su tun ina ɗalibi, kuma ban taɓa barin kowa ya manta da haka ba.

Malamar ta nemi ɗalibanmu su rubuta hanyar da suke bi daga gida zuwa lakwal, wato makaranta. Wanda ta zaɓa zai samu tabilet da gurbi a ajinta na intanet shekara guda.

Wadda ta fi kowa a kilas ɗina 'yar makiyaya ce daga wajen Dogo-Dogo, tana zaune gidan gwaggonta. Ta kawo mini kayenta, littafin da take rubutu a ciki. A ciki hanya ta tashi daga bayan gidan mai ƙuli-ƙuli, ta bi ta gindin gawon da masu amalanke ke hutar da jakuna, ta kauce wa ƙofar tsohon da sai ka gaida shi sau uku yake sakinka. Haka muke kwatance a nan, da mutane da itatuwa. Na yi dariya ni kaɗai, sannan kunya ta kama ni. Me farfesa za ta ce da garin da adireshinsa jaki ne?

Na ɗauki jan bik, alƙalamin da nake gyara da shi. Gawo ya zama dandali. Tsohon na kore shi gaba ɗaya. Lungunan na ba su lamba, titi na huɗu, titi na biyar, kamar a littattafan da nake taƙama da su.

"Mushe," in ji ta da ta karanta, don haka ɗalibai ke kiran malami a nan, "wannan wace unguwa ce?"

"Taku ce. Na ɗan sa mata riga."

"To ai ko gwaggo ta bi nan sai ta ɓata."

Na ce ta kwafe da kyau, ta kwafe. Ni na aika.

Amsa ta zo bayan sati uku, cikin ladabi. Malamar ta ce angilen ba shi da aibu, amma ba ta ga kowa a hanyar ba, kamar yarinyar ta ari birnin wasu. Ta zaɓi rubutun wani ɗalibi daga Dungass, mai kurakurai tuli, wanda ya kwatanta hanyarsa da rijiya da rumfar wanzami.

Kayen na farko yana cikin jakata a lokacin. Hotonsa kawai zan ɗauka in aika, da layi biyu na bayani. Na tsara layukan a kaina, da angile mai kyau ƙwarai, ban rubuta ba.

Da na karanta mata amsar a bakin kilas, sai ta shiga murza gefen hijabinta.

"Ke nan ban iya ba, Mushe."

Na gyara tabarau, na ce ta ƙara ƙoƙari.